Ƙoƙon da Ya Dawo a Cike

Gyara zama, 'yata, ki buɗe kayen nan naki na lakwal, littafin rubutun makaranta. Ni ban san baƙi ba, abin da na sani duk yana cikin kaina, kan kuwa ya fara yoyo kamar tsohon tulu. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. In na yi kuka kada ki tsaya lallashi, ki bar ni da abina, ke dai ki ci gaba da jan bik, alƙalamin nan naki. Tun ranar da muka kai ubanki makwancinsa hawaye suka daina neman izinina. Ina shan koko su zo, ina sauraron rediyo su zo.

Abin da ya taso mini da wannan magana, ran Lahadi ne a majami'a. Kina kusa da ni, kin gani. An zo Jibin Ubangiji, aka miƙo mini faranti mai ramuka, kowane rami da ɗan kofinsa na roba, bai fi murfin kwalbar magani ba. Kowa ya ɗauki nasa, ya kurɓe, ya mayar. Ban ce laifi ba ne. Na ji an ce likitoci ne suka ba da shawara, cututtuka sun yi yawa a duniya, jama'a ma ta yi yawa, ƙoƙo ɗaya ba zai gama zagayawa ba har azahar. Amma da na ɗauki nawa hannuna na rawa, rabi ya zube mini a zane, na dubi ɗan abin da ya rage, sai na ga kamar kowa shi kaɗai ya zo gaban Ubangiji. Nan take zuciyata ta koma wani ɗakin laka da babu shi yanzu, da wani ƙoƙo, da wata tsohuwa, da mutumin da ya tafi ya bar ni.

Gaya ta wancan lokaci ba wannan ba ce. Da safe abin da ke tashin mutum kiran salla ne daga masallacin unguwa, sannan taɓarya, gida-gida, kamar suna amsa wa juna, sannan muryar masu jirgi a bakin kogin Kwara suna tsokanar juna da Dendanci. Kadarko yana nan, amma in mota ta hau shi har fitowa ake yi kallo. Yanzu kamyo, manyan motocin kaya, sun yi layi tun daga duwan, wajen 'yan kwastan, har inda ido ya ƙare, kabu-kabu suna kuka kamar an taɓa gidan rina, ba ka jin kogi sam. Dā kuwa kogi magana yake yi. In ruwa ya cika, kana tsakar gida kana tankaɗe kana jin numfashinsa.

Ni ba 'yar nan ba ce. A kwarin Fogha aka haife ni, gidan masu dafa gishiri. Na tashi ina kankaro ƙasar gishiri tare da innata, mu zuba a kwando, mu kwarara ruwa, mu tari abin da ke ɗiga, mu dafa har ya daskare. Ruwan nan yana cin hannu. Tafin innata duk faso ne, in ta shafa fuskata kamar an goga mini ɓawon itace. Ita ta cika ni da dokoki irin na iyaye mata. Wadda ta fi nanatawa ita ce: “Kada ki sha a ƙoƙon kuturu ko ƙishirwa za ta kashe ki. In kina da ciki kuwa, ko inuwarsa kada ki taka.” Ba mugunta ba ce. Tsoro ne ta gada, ta ba ni shi kamar yadda ta ba ni tukunya da ludayi ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Ubanki mai jirgi ne, yana ƙetarewa da mutane da kaya, yana jefa taru in ruwa ya ja. Ba shi da yawan magana. In ya faɗi uku a wuni, biyu wasa ne. Shi ya fara bin Almasihu, ni na biyo bayansa da damina biyu. Innata ta yi fushi, ta yi kuka, amma wata bai taɓa wucewa ba tare da ta aiko mini da gishiri ba. Masu bi a garin nan a lokacin, yatsun hannu da na ƙafa sun ƙirga mu har da saura. Ɗakin sujadarmu na laka ne, rufin ciyawa, kujerun ma laka, maza a dama, mata a hagu. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a jikin dogon yaro. Fasto ba mu da shi. Sai an yi wata da watanni wani zai zo daga nesa ya ba mu Jibin Ubangiji: burodi daga ƙetare, ruwan zoɓo a madadin inabi, ƙoƙo ɗaya. Ubanki ke ajiye ƙoƙon. Ƙoƙon ya taɓa tsagewa a gefe, ya kai wa gyartai ya ɗinke, ɗinkin ya fito baƙi kamar tsagar fuska. Doka ɗaya muka sani a kansa: abin da aka yi wa addu'a ba a zubar da shi a ƙasa, sai an shanye.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, kowa Iya yake ce mata. Kuturta ta kama ta tun tana da sauran ƙuruciya. Dangin mijinta suka karɓe ɗanta daga bayanta, suka fasa ƙwaryarta, suka yi mata bukka a bayan gari. Daga baya ta kai kanta wani asibitin kutare can gabas, ta yi shekaru tana shan magani, a can ta ji bishara. Ta dawo da takarda a ƙulle a gefen zane, wadda ta ce cutar ta mutu, ba ta kama kowa. An karanta mana takardar a gaban jama'a, ba sau ɗaya ba. Muka ce mun ji. Amma takarda ba ta mayar da yatsu. Hannuwanta dungu ne, hancinta ya lotsa, girarta babu gashi, muryarta a shaƙe. Ga ta da barkwanci. In ta ga mace ta sha lalle sai ta ɗaga dungunta ta ce, “Ni dai Allah ya rage mini wahalar ƙunshi.” Kowace Asabar da hantsi za ka ji shara a ɗakin sujada, shaf, shaf, a hankali. Ita ce. Takan ɗaura tsintsiya a wuyan hannu da tsumma, ta ja ƙullin da haƙori, ta share ɗakin nan tas har gindin dogon yaro. Ba wanda ya sa ta.

A bakin ƙofa take zama, can ƙarshen layin mata. In ƙoƙo ya zagayo ita ce ta ƙarshe, ita ke shanye abin da ya rage, sannan ubanki ya kai gida ya wanke da toka da ruwan zafi. Ba wanda ya taɓa cewa a yi haka. Ita ta zaɓi wurin, mu kuma muka ji daɗi muka yi shiru. Haka aka yi shekaru, ba bakin da ya taɓa bin bayan nata.

A shekarar da nake ba ki labari ina da ciki wata shida. Kafin shi na binne biyu, ɗaya bai ko yi numfashi ba, ɗaya ta yi kwana tara. Don haka cikin nan riƙonsa nake kamar mai tafiya da ƙwaryar nono a cike. Bazara ce, zafi ya sauko har cikin ƙashi. Ran Lahadin zuciyata na tashi, sai na bar wurin zamana na gaba na koma bakin ƙofa don iska, kusa da Iya. Ta matsa can jikin bango ta ba ni wuri, ta ce, “Zauna, 'yar gishiri, sha iska, ba ta kowa ba ce.”

Faston da ya zo a ranar baƙo ne, matashi, dogo, bai san mu ba, bai san tsarinmu ba. Ya buɗe Maganar Allah ya karanta, ya bayyana mana. Ya ce jikin mai bi ɗaki ne da Ruhun Allah yake zaune a ciki. Ya ce mu ba na kanmu ba ne, an fanshe mu da jini, saboda haka mu girmama Allah da jikin nan, da abin da baki ke ci, da inda ƙafa ke zuwa, da abin da hannu ke taɓawa. Ina ji ina shafa cikina. A raina ina cewa, i, gaskiya ne, jiki mai kyau, lafiyayye, irin nawa, irin na ubanki da ƙirjinsa ke cika ƙofa. Ko kaɗan ban kawo tsohuwar da ke gefena a rai ba. Wa zai ce Allah yana zama a kango?

Maza suka sha. Aka ƙara zoɓo, fasto ya juyo wajen mata. Maimakon ya fara daga gaba, sai ya tsaya ya ce, “Wace ce babba a cikin iyayenmu mata?” Ba bakin da ya amsa, amma idanu sun amsa. Ya tako har bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban Iya, ya miƙa mata.

“Ɗana,” in ji Iya a hankali, “ni a ƙarshe nake sha.”

Ya ce, “Iya, a gidanmu babba ke farawa.”

Sannan ta sa dungunta biyu ta tallafi ƙoƙon, ta juya shi har ɗinkin ya zo daidai bakinta, ta kurɓa kaɗan. Na gane abin da ta yi. A kan ɗinkin ta sha don kowa ya ga wurin ya kauce masa. Ko a nan ma mu take yi wa tanadi.

Sai ƙoƙo ya zo hannuna. Na ji muryar innata a kunnena kamar tana tsaye a bayana. Na ga 'yan kaburbura biyu. Na juya ɗinkin nesa da ni, na ɗaga, na rufe bakina gam, na bar zoɓon ya taɓa leɓena, na motsa maƙogwaro kamar na haɗiya. Ki rubuta shi yadda yake: na yi ƙarya da jikina a teburin Ubangiji. Na miƙa wa matar tela da ke gefena. Ta ga abin da na yi, ta yi irinsa. Ta kusa da ita ma haka. Ƙoƙo ya bi layin mata har bango, ya dawo hannun fasto a cike, yana makyarkyata, kamar yadda ya tafi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan kurciya a kan dogon yaro sai da ya yi mana ƙarfi. Fasto ya dubi ƙoƙo, ya dube mu, ya rasa abin yi: ba a zubarwa, mai shanyewa kuma ta riga ta sha nata. Sai na ji motsi a wajen maza. Ubanki ne ya miƙe. Ya zo ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi a hankali a gaban kowa, har baƙin ɗinkin nan ya zo daidai bakinsa. Ya sha. Bai yi gaggawa ba. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, har ya kife ƙoƙon babu ko ɗigo. Ya share baki da bayan hannu, ya koma ya zauna. Gaskiya nake faɗa miki, ji na yi kamar an ɗaga rufin ciyawar nan, wani yana leƙo mu ɗaya-ɗaya. Iya kanta a sunkuye. Kafin a yi addu'ar ƙarshe ta ja jiki ta fita.

Kin zaci a ranar na tuba? Ina! Da muka koma gida na dama fura, na ba shi ludayi dabam. Ya juya ludayin yana duba, ya ce, “Yau kuma sarauta aka naɗa mini? Ludayina ni kaɗai?”

Na ce, “Maigida, ka san abin da ke cikina.”

Ya ce, “Na sani. Na kuma san Mai shi.”

Ya sha furarsa ya tafi bakin ruwa.

Satin nan bai yi wa kowa daɗi ba. A bakin rijiya matar tela ta tare ni ta ce, “Ke kika fara, 'yar Fogha, mu bin ki kawai muka yi.” Na ce, “Da na faɗa rijiyar nan sai ki biyo ni?” Ta ce, “Da zafin nan? Me zai hana?” Muka yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Asabar ta zo, hantsi ya ɗaga, babu shaf-shaf. Ran Lahadi bakin ƙofa babu kowa, ganyen dogon yaro har cikin ɗaki. Muka rera waƙa, ta ƙi tashi sama.

Kwana biyu bayan haka ubanki yana zaune yana gyaran taru, bai ɗago ba ya ce, “Iya ta ɗaure kayanta. Ta roƙe ni in gangara da ita ran kasuwa, wani ƙauye inda masu irin ciwonta suke zaune. Ta ce ta hana 'ya'ya cin abincin Ubansu, gara ta kauce.”

Na ce, “Kai me ka ce mata?”

“Na ce jirgin yana yoyo.”

“Jirginka ba ya yoyo.”

Ya ɗago ya dube ni. “To, wani wuri dai yana yoyo. Jibi ne kasuwa.”

Washegari da safe na yafa mayafi na nufi bayan gari. Bukkar Iya ban taɓa shiga cikinta ba. In na kai mata tuwo, a bakin zana nake tsayawa in juye mata a kwanonta. Na yi sallama. Ta leƙo ta ce, “Fofo, sannu da zuwa, 'yar gishiri. Shigo in kina iyawa. In ba kya iyawa, inuwar nan ta waje ma tawa ce.” Na shiga. Ga ƙunshin kayanta a ɗaure, bai fi kan mutum ba, ga tsintsiya a jingine. Na durƙusa, kuka ya ƙwace mini.

Ta ce, “Ke, tashi, kada ki matse mini jika. Kin sha rana. Ga randa nan, ga moɗar baƙi can a rataye, ban taɓa sa mata baki ba. Ɗebi da kanki.”

Na duba. Moɗar baƙi sabuwa ce fil, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. Shekara da shekaru tana jiran baƙon da bai zo ba. Tata kuwa tana kan murfin randa, ta yi baƙi, bakinta ya cinye ta gefe ɗaya.

Na ce, “Iya, na yi miki laifi.”

Ta ce, “Ni? Ni na saba. An fasa ƙwaryata tun ba a haife ki ba. Wanda kika yi wa ƙarya ba ni ba ce.” Ta zauna a tabarma, ta ce, “Kin ji abin da yaron nan ya karanta? Na gan ki kina shafa ciki. Ni ma na ji. Kin san abin da na ce a raina? Na ce, Ubangiji, damina ta ci katangar ɗakinka, rufi ya lotsa, ƙyaure ya ɓalle, me ya sa ba ka ƙaura ba? Shekara nawa ina yi masa wannan tambaya. Miji ya ƙaura, dangi sun ƙaura, yatsuna ma sun ƙaura. Shi yana nan. Ya gan ni a haka ya ce, tawa ce. To, tun da ɗakin nasa ne, ni wace ce da zan raina shi? Abin da ya rage a ciki da shi nake yi masa aiki. Da yatsu goma na yi wa miji tuwo, da babu ko ɗaya nake yi wa Allah shara.”

Na ce, “To me ya sa za ki tafi?”

“Don ku sha. Ni na sha nawa. Ku ne kuka tashi da ƙishi.”

Na ce, “Iya, tsoro nake ji. Na binne biyu.”

Ta ce, “Na sani. Ni ɗaya aka karɓe mini da ransa, ban san wanne ya fi zafi ba. Ba zan ce miki wannan zai rayu ba, ni ba Allah ba ce. Likita ya ce ciwona ya mutu, kin ji takarda da kunnenki. Amma bari in tambaye ki. Biyun nan da kika binne, a ƙoƙon wa kika sha?”

Na kiyaye duk dokokin innata, ko ɗaya ban tsallake ba, ga shi na binne su.

Ta ce, “Ajiya ce aka ba ki, 'yar nan. Ke ma ajiya ce. Mai ajiya yana kula, amma ba shi ne mai kaya ba.”

Na miƙe. Na wuce moɗar baƙi, na ɗauki tata. Ta ce, “Ke! Ba wannan ba!” Na tsoma a randa, na ɗebo, na sa bakina a inda ya cinye, na sha. Ruwan randa ne kawai, mai sanyi, da ɗanɗanon laka. Amma 'yata, ban san da wace kalma zan faɗa miki ba. Bukkar nan ta cika. Ba haske na gani ba, ba murya na ji ba, amma na san ba mu biyu ne kaɗai a ciki ba, kuma na san ba don ni ya shigo ba, dama can nan ne gidansa. Na ji kamar in cire takalmi, alhali ba takalmi a ƙafata. Na ji tsoro, amma ba irin wanda na shigo da shi ba. Wancan yana ƙunsar da mutum, wannan durƙusar da shi yake yi.

Ina tsaye haka sai cikin ya motsa, ya harbe ni a haƙarƙari. Ban yi shawara ba, na kamo dungun Iya na ɗora a kan cikina. Ta so ta janye. Allah kaɗai ya san rabonta da taɓa jikin mutum. Na riƙe. Aka sake harbi, daidai ƙarƙashin hannunta. Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta ce, “Kai, wannan ba ta da kunya! Mace ce, 'yar neman faɗa, tun ba ta fito ba tana dukan tsofaffi.”

Ke ce, 'yata. A'a, kada ki tsaya. Share idonki ki rubuta.

Ni na kwance mata ƙunshin kayan. Ta dubi tsintsiya ta ce, “Ɗaura mini, haƙorana sun gaji.” Na ɗaura mata, ranar kuwa ba Asabar ba ce. Muka taho ta tsakiyar gari kafaɗa da kafaɗa, mutane suna kallo. Muka ci karo da ubanki ya hauro daga bakin ruwa da sanda a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi tsintsiya, ya ce, “Iya, jirgi ya daina yoyo. Yaushe za mu tashi?” Ta ce, “Tafi can, mai jirgin ƙarya.” Da rana na dama fura, na sa ludayi ɗaya. Ya duba, ya ce sarautarsa ba ta yi ƙarko ba.

Fasto bai dawo ba sai bayan kaka, kina goye a bayana. Iya ta fara sha, a kan ɗinki kamar kullum. Na karɓa ban juya ba. Ba zan ce miki kowa ta bi ɗinkin ba, wasu sun juya, amma kowa ta haɗiya. Kafin ƙoƙo ya kai bango sai muka ji muryar matar tela daga can: “Haba jama'a, ku rage mini mana!” Fasto ya kasa riƙe dariya. Aka ƙara zoɓo.

Iya ta yi shekaru bayan haka. A bayanta kika yi barcin rana sau da yawa, ni ke ɗaura mata goyon. Ranar da ta cika, mata suka yi ta rige-rigen wanke ta. Muka wanke jikin nan a hankali, dungu-dungu, kamar masu gyara ɗakin babban mutum da ya yi tafiya zai dawo. A bakin kabari aka ce mana za a tashe shi sabo a ranar ƙarshe, babu abin da zai rasa. Matar tela tana kuka ta ce, “To, sai ta sha ƙunshi.”

Yanzu ina zaune a zaure ina ganin 'yan mata suna wucewa da man shafawa na ƙetare, fuska fara, gwiwar yatsu baƙa. Ba na yi musu faɗa. Tausayinsu nake ji, don ba wanda ya gaya musu cewa Mai ɗakin bai taɓa kuka da launin bango ba. Dā ma ba mu fi su ba. Su fatarsu suke gudu, mu ta wata muka guda.

Da aka rushe ɗakin laka za a yi na siminti, ubanki ya kawo ƙoƙon gida. A ciwonsa na ƙarshe da shi nake ba shi ruwa. Ƙirjin nan da ke cika ƙofa ya koma kamar kwandon da aka yar, hannun da ke tura jirgi a tsakiyar Kwara ya kasa ɗaga ludayi. Ni ke wanke shi, ni ke juya shi. Wata safiya ya kamo hannuna ya ce, “Yau kam da gaske jirgin yana yoyo.” Na ce, “Mai shi fa, yana ciki?” Ya ce, “Yana ciki.” Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Wayyo, mutumina. Bari in numfasa.

Ga ni nan, ni ma na zama kango. Haƙora sun ƙaura, ido ɗaya ya ƙaura, miyau yana zubo mini ban sani ba. Tun da tarin nan ya kama ni na ga an ɗaura wa kofina jan zare don kada ya gauraya da na gida. Kada ki sunkuyar da kai, ban yi fushi ba, ni ma na taɓa raba ludayi, likita kuma ya ce tarin tsufa ne kawai. Abin da ke ba ni mamaki, kullum in na farka, sai in yi tambayar Iya: me ya sa ba ka ƙaura ba? Sai in tarar yana nan.

Ajiye bik ɗin. Buɗe adakar ubanki, ƙarƙashin rigarsa ta Lahadi, ɗauko mini ƙoƙon. Yauwa. Zuba mini ruwa, maƙogwarona ya bushe. Tallafa mini, hannun ba ya tsayawa. Na gode. Karɓi ki ajiye.

Yanzu ɗauki bik ɗin ki rubuta abin da kika yi, don ido ɗayan da ya rage mini bai mutu ba. Ban ce ki sha ba. Ajiye na ce. Kika juya shi har ɗinkin ya zo bakinki, inda nawa ya tashi, kika shanye, kika share baki da bayan hannu.

Haka ubanki ya yi. Haka dai ya yi.